Tukunyar Maman Clara

Bakin murfin kwalbar ya ɗan lanƙwashe, kamar an ɗaga shi da gindin cokali an sake dannewa. Da safiyar Laraba na gani, ina miƙa wa Sista Catherine, babbar nas ɗinmu, kwalbar don ta rataye. Na shafa wurin da babban yatsana, na ce a raina ƙila a cikin kwali ta bugu. Ta biyun ma haka take. Har na buɗe baki zan yi magana, sai na ji takun Dokta Martins a baranda, na haɗiye.

A watan Agusta ne na 1977, shekarata ɗaya da gama karatun likita a Zariya. An tura ni wani ƙaramin asibiti a gefen Kafanchan, ba nisa da Kagoro garinmu. Likitoci biyu ne kacal: Dokta Martins, wanda ya yi shekara shida a Ingila, sai ni, wadda majiyyata ke kira nas, ni kuma nauyin baki ya hana ni gyara musu.

Ran Litinin aka kawo Zamani daga Madakiya a bayan a-kori-kura. Manomin citta ne, zai yi shekara arba'in da biyar. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, fitsarinsa ya koma baƙi kamar shayin da ba madara, daga nan ya ɗauke ɗif har kwana biyar. Fuskarsa ta kumbura, shaƙuwa ta ƙi barinsa, numfashinsa na wari irin na katangar bayan tashar mota. Da na sunkuya duba idonsa sai da na riƙe numfashi. Matarsa Emilia, wadda kowa ke kira Maman Clara, ita ba ta riƙe nata ba. Tana share masa baki da gefen zanenta.

Dokta Martins ya duba shi, fuskarsa ta cika da fara'a.

"Ƙodarsa ce ta tsaya," ya ce mini da Turanci. "In muka wanke masa jini na mako guda, tana iya farfaɗowa. Kin taɓa ganin an yi?"

"Sau ɗaya, Oga."

"To yau za ki gani da kyau."

Aikin ba shi da wuyar fahimta. Ana soka wata siririyar roba mai huje-huje a cikin cikin mutum, a zuba ruwan magani, a bar shi ya jawo dattin da ƙoda ta kasa fitarwa, sannan a tsiyaye shi a zuba sabo. Dokta Martins na da irin robar guda ɗaya tak, a aljihun tebur, cikin takardarta tun daga Ingila. Akwai kuma kwalabe sittin na ruwan, waɗanda wasu 'yan mishan suka bari. Shekara biyu ke nan yana jiran mutum irin Zamani. Kai shi Zariya kuwa ba zance ba ne, don ruwan sama ya cinye hanya, kuma ba zai kai da rai ba.

Da ƙarfe uku na yamma muka shiga ɗakin tiyata. Na tarar da baƙo a ciki, Uzoma mai ɗaukar hoto na kusa da tashar jirgi, da takalmansa na titi, an ɗaura masa ƙyalle a hanci. Na dubi Sista Catherine, ta ɗaga kafaɗa.

Ni na tabbatar ba komai a mafitsara, na aske marar, na shafe ta da aidin. Dokta Martins ya auna yatsu biyu ƙasa da cibiya, ya yi allurar kashe zafi, ya soka doguwar allura muka ɗura kwalba biyu har cikin ya taso kamar na mai juna biyu, don kada robar ta sami hanji. Sannan ya ɗan tsaga fata da aska, ya ɗauko robar da ƙarfenta mai tsini a ciki.

"Gaya masa ya ƙanƙame cikinsa."

Na sunkuya kunnen Zamani. "Baba, ka yi nishi kamar kana ɗaga buhun citta."

Ya ji ni. Ya yi. Dokta Martins ya murza ƙarfen yana dannawa, na ji ɗan sautin nan, kamar an huda fatar ganga. Sai ya tsaya a nan, tsinin na cikin cikin mutum, ya ɗago kai.

"Uzoma, yanzu."

Wutar hoto ta walƙa.

"Ka sake. Na ƙifta ido."

Wani ƙuda ya sauka kan audugar da ke hannuna. Na kore shi. Sai da aka ɗauki na uku sannan ya janye ƙarfen kaɗan, ya karkata robar zuwa ƙasan mara, ya tura ta, ya ɗinke. Da muka buɗe, ruwan ya fito garau, launin fitsari mai kyau. Hannunsa ya iya aiki, wannan ba zan hana masa ba.

Daga nan aikin ya koma namu. Kowane awa uku a ɗura, a jira, a tsiyaye cikin bokiti. Ba a ɗura ruwan da sanyinsa, sai an ɗumama. Meshak, dattijon da ke share ɗakin maza da ɗaukar majiyyata, shi ke yi: ya tafasa ruwa a risho, ya zuba a babban daro, ya sirka, ya tsayar da kwalaben a ciki a rufe. Haka ya yi ran Litinin da safiyar Talata.

Da tsakar ranar Talata takarda ta zo cewa manya daga Kaduna za su zo ran Alhamis ganin abin da Dokta Martins ya yi. Shi ya buga musu waya. Nan take ya sa aka kira Meshak da duk leburori su shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa. Daron aka ɗauka aka kwaɓa farar ƙasar a ciki.

Sista Catherine ta tare shi a baranda. "Oga, gado talatin ni kaɗai. Wa zai ɗumama ruwan?"

Ya waiwaya ya hango Emilia zaune a ƙasa kusa da gadon mijinta.

"Ga matar can zaune ba ta komai. Dokta Bernice, gaya mata."

Na je na durƙusa gabanta. Akwai abubuwa da yawa da ya kamata in faɗa, amma yana tsaye yana duba agogo, mutanen ɗakin duk sun zuba mini ido. Na ce, "Mama, za ki riƙa ɗumama mana wannan ruwa kafin a sa wa Baba. Kada ya yi zafi. Kamar ruwan wankan jariri."

Ta karɓi kwalaben da hannu biyu. "Yara bakwai na yi ma wanka, 'yata. Bar shi a hannuna."

Iyakar abin da na gaya mata ke nan.

Ran Laraba, ranar da na ga murfin, Zamani ya farka sosai. Shaƙuwar ta tsaya. Kumburin ya saɓe har idanunsa suka fito. Ya ɗaga zane ya leƙa robar da ke fitowa daga cikinsa, ya daɗe yana kallo.

"Maman Clara, zo ki gani. An sa mini cibiya na biyu."

"Sai ka yi hankali da shi. Na farkon ma ba ka wanke shi."

Mutumin gado na kusa, wani ma'aikacin jirgin ƙasa mai suna Romanus da ya karye a ƙafa, ya tuntsire da dariya har ya riƙe ƙarfen gado.

"Madam, wannan mijin naki yanzu ya zama inji. Ruwa ya shiga, ruwa ya fita. Saura gawayi kawai, mu kai shi loko, garejin jiragenmu."

"In ka kai shi ka riƙe," in ji Emilia. "Ni na huta da tuƙa tuwon acca."

Zamani ya juyo gare ni. "Nas, yaushe zan tafi? Ciyawa zai cinye mini citta. Yaran nan in ba na tsaye, sai su yi noman kwana ɗaya a kwana huɗu."

"Sai ka yi fitsari, Baba."

"Ji wani abu. Tun ina yaro ana dukana don fitsari, yau kuma roƙona ake."

Na yi dariya na rufe baki. Emilia ta shigo da kwalabe biyu naɗe cikin tawul, rungume a ƙirji. Na taɓa su. Ɗumin ya yi daidai, ya ma fi na Meshak. Na sake ganin bakin murfin a lanƙwashe, amma ɗakin ya cika da raha, Sista Catherine ta riga ta soka allurar ta cikin robar murfin, kuma na ji kunyar in ɓata wa matar rai da tambaya a gaban mutane.

Da safiyar Alhamis na tarar da Zamani ya dunƙule ƙafafunsa, jikinsa zafi rau. Na ɗora hannu a cikinsa, ya yi ƙara. Cikin ya yi tauri kamar katako. Na durƙusa na duba bokitin. Ruwan da jiya yake garau, yau ya koma kamar ruwan da aka wanke shinkafa, da wasu farare-farare na yawo a ciki kamar majina. Wari ya bugi hancina. Na miƙe na fita.

Bayan ɗakin maza akwai rumfar kwano inda masu jinya ke girki. Ban taɓa shiga ba. Hayaƙi ya cika ta, kaji na tonon ɓawon doya, ruwan wanke-wanke ya kwanta kore a bakin ƙofa. A can ƙurya na hango Emilia, ta share wurinta tas, ita kaɗai. Na tsaya jikin ginshiƙi ina kallo.

Ta wanke hannu da sabulun salo. Ta ɗauki cokali, ta ɗaga zoben murfin a hankali, ta zare robar, ta juye ruwan cikin wata sabuwar tukunyar silba mai ƙyalli. Ta ɗora a murhu, tana fifita wutar da murfin kwano. Can ta tsoma ɗan yatsanta, ta girgiza kai, ta ƙara jira, ta sake tsomawa. Sannan ta shimfiɗa farin ɗankwali a bakin mazurarin kananzir da aka goge, ta tace ruwan ya koma kwalba, ta mayar da robar, ta danne zoben da cokali.

Ta ɗago ta gan ni, ta yi murmushi.

"Likita, kin zo ganin kicin ɗina?" Wannan ne karo na farko da ta kira ni likita. "Ran Talata na sa kwalba ɗaya kusa da wuta, ya fashe. Na ji tsoro. Na nemi daro, an ce yana wurin fenti. Sai na ce, Emilia, kina da kai. Na shiga kasuwa na sayo wannan tukunya, ko ruwan sha bai taɓa shiga ciki ba. Da toka nake wanke shi sau uku. Ɗankwalin nan na zumuntar mata ne, na coci. Ko toka ɗaya ba ya wucewa."

Ta miƙo mini kwalbar. "Taɓa ki ji."

Na taɓa. Ɗumin ya yi daidai. Na juya na je bayan rumfar na yi amai a kan tokar da aka zubar.

Ƙarfe goma saura na sami Dokta Martins a ofis yana gyara lakatayin wuyansa. Na gaya masa da ƙaramar murya. Ya wuce ni, na bi shi a baya har ɗakin maza. Ya dubi bokitin, ya dubi agogo.

"Sista, zubar da wannan. Kawo bokiti mai tsabta, ki zuba sabuwar kwalba a ciki, ki ɗiga aidin kaɗan ya yi launi. A yi masa allurar barci, a ja masa bargo har wuya."

"Oga, maganin ƙwayoyin cutar fa?"

"Bayan sun tafi."

Sai ga Emilia ta shigo da kwalabenta cikin tawul. Dokta Martins bai iya Hausa sosai ba, amma ranar ta ishe shi.

"Ke! Wa ya ce ki buɗe? Miya ne? Kunu ne? Kin dafa ƙazanta kin zuba ma mijinki a ciki! In ya mutu, ke kin kashe shi. Mutanen daji kawai!"

Romanus ya juya fuskarsa bango. Emilia ta tsaya rungume da kwalaben, ta dube shi, ta dubi Zamani, sannan ta dube ni. Ba ta ce ni na sa ta ba. Jira take in faɗa.

"Oga," na ce, "ni ce ban..."

Hon ɗin mota ya yi ƙara a bakin ƙofar asibiti. Ya gyara kwat ɗinsa ya fita.

Su biyar suka zo. Suka bi ta tsakanin fararen duwatsu, suka kewaye gadon. Dokta Martins ya yi bayani mai daɗi, ya ɗaga bokitin da kansa ya nuna musu ruwan garau. Wani mai babban tumbi ya leƙa ya ce lallai ƙasa ta ci gaba. Uzoma ya ɗauki hoto. Ina tsaye a baya riƙe da fayil, warin gumin Zamani ya gauraya da turaren baƙin. An riga an ce wa Emilia ta jira a waje don zanenta na warin hayaƙi. Daga nan aka tafi cin abinci gidan Dokta Martins.

Ban jira shi ba. Suna fita muka fara zuba maganin cikin kwalaben, muka yi wa Zamani allurai. Sista Catherine ta aika aka karɓo daron, ta kankare farar ƙasar da kanta tana tsaki. Amma da yamma fararen abubuwan nan suka toshe hujojin robar. Ruwa na shiga da ƙyar, ba ya fita. Na wanke ta da sirinji, na juya Zamani hagu da dama, na ɗaga kan gadon. A banza. Ran Juma'a Dokta Martins ya zare ta da kansa, ya jefa a kwano. Babu wata.

Da hantsin Asabar Zamani ya kira ni da hannu. Muryarsa ta dushe.

"Nas, kawo kwalba."

Ya yi fitsari, rabin kofi, ja-ja. Ƙodar ta fara farfaɗowa, kamar yadda Dokta Martins ya ce. Na ɗaga kwalbar ina kallo.

"To na biya ki," in ji Zamani. "Gaya ma Maman Clara ya haɗa kaya."

Emilia na tsaye a bakin taga ta waje. Tun ran Alhamis ba ta sake shigowa ba, ko da Sista Catherine ta roƙe ta. Ta nan take kallonsa, ta nan take miƙo kunu a ba shi. Ta ji abin da ya ce, ta gyaɗa kai.

Cikin ya ci gaba da kumbura. Ran Lahadi da rana, ana jin waƙar majami'a daga ƙetaren hanya, ya rasu.

'Yan'uwansa suka zo da a-kori-kurar da ta kawo shi. Kafin su iso labari ya riga ya kai Madakiya. Na ji ƙanen Zamani na gaya wa wani a baranda cewa likita da bakinsa ya faɗa, matar ce ta dafa masa abu. Ba wanda ya nemi Emilia da za a ɗauki gawar. Na wuce ta ƙofar ofis, na ga an riga an rataye hoton cikin gilashi: Dokta Martins ya ɗago kai, idonsa a buɗe tar, ƙarfen a hannunsa. Ba a ganin fuskar Zamani, sai cikinsa.

Na tsaya gaban ƙanen. Na ce masa ni ce likitar da ta ba ta kwalaben, ni ce ban gaya mata kada ta buɗe ba, kuma na ga alamar tun ran Laraba na yi shiru. Ban taɓa yin doguwar magana haka a asibitin ba. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Nas, ke yarinya ne. Babban likita ya riga ya yi magana."

Suka rufe bayan motar.

Na same ta a rumfar girki. Ta ɗaure kayanta cikin zane, tana zaune kan dutse, tukunyar na gabanta. Na durƙusa cikin tokar, na maimaita mata duk abin da na gaya wa ƙanen mijinta, har da daron, har da murfin da na shafa da yatsana. Na ce zan zo Madakiya in faɗa a gaban fasto da dattawa, in za su saurare ni. Na ce, "Mama, ki yafe mini."

Ta saurare ni har na gama. Ta ɗauki farin ɗankwalin, ta ninke shi huɗu, ta ajiye cikin tukunyar, ta kife murfin. A can gaba motar ta tashi, muna jin ƙararta tana nisa. Ta miƙe, ta ɗora ƙullin kayanta a ka. Ta bar tukunyar a kan duwatsun murhu, ta bi ta ƙaramar ƙofar baya, inda hanyar ƙafa ta ratsa gonar masara.